Gida Ya Yi Kyau, Barci Ya Gagara: Yadda Ake Tare Ƙara a Ɗaki

A wannan sati filin namu ya sauka Tasawa da Mayahi, kan wata matsala da kowa ke fama da ita amma ba a cika kai ta gaban magini ba, wato ƙara. Ɗan kasuwa ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya rushe soron da ya gada, ya ɗora birgin siminti, ya rufa da kwano, ya shafa fenti. Ranar da ya tare, sai ya tarar injin niƙan maƙwabci yana kwana tare da shi, kuma tarin da aka yi a ɗakin uwargida ana jin sa a ɗakin amarya. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki ya kama ɗaki da falo a gidan haya, ya wayi gari ya san abin da maƙwabcinsa ya faɗa wa matarsa da tsakar dare, shi ma maƙwabcin ya san nasa. Abin da ake asara a nan guda uku ne: barci, lafiyar kunne, da sirrin gida. Ko ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Garin Tasawa yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi, Agye da Gazawa, ta wuce Maijirgi zuwa Damagaram. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, tankokin mai sun ƙaru a kan manyan motocin kaya da ke bin ta dare da rana. Mayahi tana gefe da wannan hanya, amma ita ma tana da nata rabo: ƴan kabu-kabu, masu walda, injinan niƙa, da amsa-kuwwar biki. Sai kuma janareta. Wutar yankin nan tana zuwa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da aka yanke ta, ba ta dawo ba sai a 2024. A tsakanin nan mai shago da mai firji da mai ɗinki duk sun koma ga inji, kuma wanda ya sayi inji ba ya jefar da shi don wuta ta dawo.

Ma'aunin ƙara

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'auni mai suna desibel. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Lissafinsa ya bambanta da na tiya da buhu: idan an ƙara desibel 10, kunne yana jin kamar ƙarar ta ninka biyu, idan kuma an rage 10, yana jin ta ragu da rabi. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare, ta ajin lakwal kuma kada ta wuce 35. Ga masu aiki kusa da inji, iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka fi bi ita ce desibel 85 na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Yaron da ke tsaye gaban injin niƙa tun safe har magariba yana cin bashin da kunnensa zai biya da tsufa, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A rahotonta na 2021, hukumar ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 a duniya suna da raunin ji, kuma adadin zai iya kai biliyan 2.5 a 2050.

Wanda ke kwana cikin ƙara yakan ce ya saba. Hankali ne ya saba, jiki kuwa yana ci gaba da zabura cikin barci, bugun zuciya ya ƙaru, barcin ya yi sama-sama. Da safe malamin lakwal ya shiga aji da nauyin kai, ɗan kasuwa ya yi kuskuren canji, ɗalibi ya yi gyangyaɗi a kan takardarsa.

Aiki biyu da ake rikitawa

Kafin mutum ya kashe ko dala, ya kamata ya rarrabe abu biyu. Na farko shi ne hana ƙara ratsowa daga waje ko daga ɗakin kusa. Na biyu shi ne kashe amon da ke yawo a cikin ɗakin kansa. Maganinsu daban ne. Ratsowa nauyi ke tare ta, tare da toshe kafa. Amo kuwa kaya masu laushi ke shanye shi.

Wanda ya fara auna amo da lissafi wani malamin jami'ar Harvard ne a Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka ba shi gyaran wani zauren lacca inda kalma ke daɗewa fiye da daƙiƙa 5 tana yawo, har ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Da dare yakan kwaso matasan kujeru daga wani zaure ya jera, ya auna, ya ƙara, ya sake aunawa, har ya gano yawan kaya masu laushi da ɗaki ke bukata gwargwadon girmansa. Abin da ya gano duk amaryar da aka yi wa jere ta san shi: ɗakin da babu kowa yana amsawa, amma da an shimfiɗa tabarma, an sa katifa, an rataya labule, sai murya ta kwanta.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Wani ya ji an ce kwalin ƙwai yana maganin ƙara, ya bi masu shayi yana tarawa, ya manna a bango. Wani ya yanka tsohuwar katifar soso ya liƙa. Kwalin ƙwai ba shi da nauyi, ƙarar mota tana wuce shi kamar babu. Soso yana rage amo a ciki, amma ba ya hana janaretan maƙwabci shigowa. Kuma soso makamashi ne. A watan Fabrairu na 2003, a jihar Rod Ailan ta Amurka, wuta ta kama soson da aka manna a wani gidan rawa don rage ƙara, mutum 100 suka mutu. A watan Janairu na 2013 irin haka ta faru a garin Santa Mariya na ƙasar Barazil, mutum 242 suka rasu, galibinsu hayaƙin soson ne ya shaƙe su. A gidajenmu da ake kunna maganin sauro, ana turaren wuta, wayar lantarki kuma tana bin bango tsirara, manna soso a ɗakin kwana gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Abin da magabata suka sani

Ƙa'idar nauyi mai sauƙi ce: duk lokacin da nauyin bango ya ninka, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da desibel 5 zuwa 6. To, mu ɗora gine-ginenmu a kan sikeli. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 yana da nauyin kusan kilo 700 a kowace murabba'in mita. Birgin siminti mai rami, na santimita 15, ko da an yi masa shafe ciki da waje, da wuya ya wuce kilo 250. Kwanon rufi kuwa bai kai kilo 5 ba. Tsakanin bangon ƙasa da na birgi mai rami akwai bambancin kusan desibel 8, wato kusan rabin abin da kunne ke ji. Tsakanin rufin soro, mai azara da tabarma da ƙasa a kai, da rufin kwano tsirara kuwa, ba a ma haɗa su. Wanda ruwan Agusta ya taɓa samu a ƙarƙashin kwano ya san dole a dakatar da hira sai an ɗauke.

Tsarin gidan ma kansa yana aiki. Zaure yana bakin hanya, ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, don haka ido ba ya wucewa kai tsaye, sauti ma sai ya karya kwana. Bayan zaure akwai fili, sannan shigifa, sannan tsakar gida, ɗakunan kwana suna can ƙurya. Magabata sun yi haka ne don kunya da sutura, amma sun sami shiru a matsayin gyara. Yau mai fili a bakin titi yakan jera shaguna a gaba, ya manna ɗakin kwanansa a bayan shagon da zai ba mai walda haya.

Dole a faɗi gaskiya game da ginin ƙasa. Daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a jahar Maraɗi, ta yi kisa, kuma a watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Wanda ya ga haka ya koma siminti, ba a ce ya yi wauta ba. Sai dai abin da ke kayar da bangon ƙasa ruwa ne da ke kwanciya a gindinsa, da indararon da ya toshe, da yaɓen da aka yi shekaru ba a sabunta ba. Akwai hanyoyin zamani na riƙe nauyin ƙasa tare da kauce wa rauninta. Tun 1980, a Shikal cikin gundumar Filinge, aka fara koya wa magina ginin da babu itace, mai rufin tulluwa da baka na birgin ƙasa, dabarar da aka ɗauko daga Nubiya a kudancin Masar. A 2018 kuma, a Dandaji cikin jahar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da birgin ƙasa da aka matse da inji. Tsohuwar zuma da ita ake magani, in an san yadda za a adana ta. Gindin dutse da siminti, bangon ƙasa mai kauri a sama, rufi mai baki da ke jefa ruwa nesa: wannan gida zai yi sanyi, zai yi shiru, zai kuma jure damina.

Gyaran ɗakin da aka riga aka gina

Yawancin masu karatu sun riga sun gina, ko suna haya. Ga yadda aikin ya kamata ya bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

A fara da kafofi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk inda iska ta bi, ƙara za ta bi. Idan kafa ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin bango ko ƙofa, to kome kaurinsu ba za su rage fiye da desibel 20 ba. Ƙofa mai tsawon mita 2 da aka bar wa santimita 2 a ƙasa ta riga ta kai wannan kashi. A yanka tsohuwar robar cikin taya a buga a gindin ƙofa da gefunanta. Da dare a kashe fitilar ɗaki, wani ya haska tocila daga waje, duk inda haske ya ɓullo a toshe shi. A duba inda bango ya haɗu da kwano, inda tudu da kwarin kwanon suka bar ramuka a jere, a cike su da kwaɓin siminti ko na ƙasa.

Na biyu, bangon tsakani. A gidajen haya masu ɗakuna a jere, da gidajen masu mata fiye da ɗaya, magini yakan tsayar da bangon tsakani daidai rufin ciki, ya bar sarari guda ɗaya a sama daga wannan ƙarshen gida zuwa wancan. Magana tana hawa ta falankin wannan ɗaki, ta sauka ta na wancan. Sahu biyu ko uku na birgi da za a ƙara har bangon ya taɓa kwano sun fi duk wani abin da za a manna a jikinsa amfani. Rigingimu nawa ne tsakanin kishiyoyi, ko tsakanin ƴan haya, da asalinsu maganar da ta bi ta saman bango? Mai gidan haya da ya yi wannan gyara ya sayi zaman lafiyar gidansa da araha. Haka kuma a yi wa bango shafe ta fuska biyu, domin birgin da ba a shafe ba yana da ƙananan ƙofofi da sauti ke bi. Mai sabon gini kuma yana iya sa a cika ramukan birgi da yashi ko kwaɓi, in magini ya tabbatar gindin zai ɗauka.

Na uku, ƙofa da taga. Ƙofar ƙarfe mai falle ɗaya ganga ce. A sa mai walda ya yi mata falle biyu a cusa abu a tsakani, ko a lulluɓe ta da katako mai kauri ta ciki. Tagar ƙarfe mai tsaga-tsaga, wadda ta cika gidajenmu, ko an rufe ta a buɗe take ga ƙara. A ƙara mata taga ta biyu ta ciki, ta gilashi mai kauri ko ta katako, a bar tazarar kamar santimita 10 a tsakaninsu. Iskar da ke tsakanin biyun ita ma tana aiki.

Na huɗu, rufi. Rufin ciki na falanki ko na farar ƙasa, da aka haɗa shi ba tare da tsaga ba, yana rage ƙarar ruwa da ta waje. In an shimfiɗa masa audugar gilashi ko audugar dutse mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a kai, sai ya ƙara, kuma ya tare zafin kwano, riba biyu ke nan. Waɗannan kaya ba sa cin wuta, amma sai an aika manyan birane, kuma mai shimfiɗa su ya sa safar hannu ya rufe hanci, domin suna ƙaiƙayi. Farin soson nan mai sauƙi da ake samu a kwalin firji da talabijin yana tare zafi, amma a wajen ƙara amfaninsa kaɗan ne, kuma yana ci da wuta. Kada mai sayarwa ya ruɗe ku da shi.

Na biyar, kayan ciki, kuma a nan mutanen Mayahi ba su da bukatar kowa. Gulbin Kaba ya ci sunansa ne daga kabar goriba, kuma tabarmar da matan yankin ke saƙawa, in an rataya ta ninki biyu a ɗan nesa da bango, tana shanye amo. Haka asabari, da darduma, da labule mai nauyi mai yawan tattara. Ɗan haya da ba shi da ikon taɓa gini ya jingina kabad cike da tufafi a bangon da ƙara ke fitowa, ya janye gadonsa zuwa ɗaya gefen. Karan gero, ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa su ma suna shanye sauti, amma in an zuba su haka nan a saman rufi sun zama gidan gara da ɓera, kuma abincin wuta. In za a yi amfani da su, a kwaɓa su cikin ƙasa kamar yadda ake yi wa birgi.

Akwai tambayar da mai karatu zai yi: in na toshe ko'ina, yaya zan yi da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40? Tambaya ce mai kyau, domin ɗakin da ba ya numfashi ba wurin kwana ba ne. Amsar tana cikin zaure. A rufe fuskar da ke kallon titi, a buɗe wadda ke kallon tsakar gida. In dole ne a bar kafar iska ta ɓangaren ƙara, a yi ta mai lanƙwasa, bakin waje a ƙasa, bakin ciki a sama, a shimfiɗa tabarma ko tsumma a cikinta, a sa raga don sauro. Iska tana iya karya kwana ta wuce, sauti kuwa yana raguwa a kowace kwana.

Kashe ƙara daga tushe

Duk wannan aiki bai kai rage ƙarar tun daga inda take fitowa sauƙi ba. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da kusan desibel 6. Janaretan da ke mita 2 daga taga, in an mai da shi mita 16, an ninka nisan sau 3, an rage kusan desibel 18, kuma kuɗin waya kawai aka kashe. A ɗora shi a kan tsohuwar taya don kada girgizarsa ta bi daɓe ta shiga bango. A gina masa ƴar katanga da za ta tare shi daga idon taga, domin katangar da ba ta ɓoye inji ba, ba ta tare ƙararsa. A gyara bututun hayaƙinsa in ya fashe. Amma kada a kuskura a shigar da shi ɗaki, ko a rufe shi ruf don a kashe ƙararsa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari, wadda ke kashe mutane cikin barci. Wanda ke da hali kuma ya duba farantin hasken rana, wanda ba ya cewa uffan. Bishiyoyin dogon yaro da ke jere a bakin gida suna ba da inuwa, suna tare ƙura, amma sahu ɗaya na itace ba ya rage ƙara wani abin kirki.

Sauran maganar ta zaman tare ce. Mai injin niƙa yana neman abincinsa, mata kuma suna bukatarsa, ba wanda zai ce a mayar da su ga turmi da dutsen niƙa. Amma yana iya gina ɗakin injin da bangon ƙasa mai kauri maimakon kwano, ya juya ƙofarsa ga titi, ya ba yaronsa abin toshe kunne, ya kashe inji in dare ya yi. Mai biki yana iya sauke amsa-kuwwa bayan wani lokaci da unguwa ta amince da shi. Hukumomin gari a Tasawa, Mayahi, Kanambakashe da Maijirgi, tare da masu unguwanni, suna da ta cewa tun lokacin rabon filaye: kada a ba mai walda ko mai niƙa wuri jikin lakwal ko gidan likita. Haƙƙin maƙwabtaka da aka rene mu a kai ya haɗa da barcin maƙwabci.

Ga wanda ke shirin gini bayan kaka, in an sayar da wake da gyaɗa kuɗi sun shigo, shawarata ita ce ya zauna da magininsa tun kafin a ja igiya. Ya tambaye shi ina ɗakin kwana zai kasance, wace fuska taga za ta kalla, bangon tsakani zai kai kwano ko zai tsaya a hanya, kuma ina za a ajiye inji. Waɗannan tambayoyi huɗu ba sa cin ko buhun siminti ɗaya, amma gyaransu bayan an tare yana cin da yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.